Silin Gashi a Takardar Aska

Thompson, Manitoba
Oktoba, 1979

Leander,

Gaisuwa daga mutumin da ka san bai cika son rubuto maka ba. Ina fata kana lafiya, kai da ƙafar nan taka mai sanar da ruwan sama tun kafin rediyo ta sanar. Ni dai da sauƙi. Tarin yana nan, ya zauna a ƙirjina kamar ya kama haya, gwiwar hagu kuma tana yi mini tsiya duk sanda muka fito daga ramin ma'adinai. Likitan kamfani ya ce ƙura ce. Na ce masa na gode, da ni na ɗauka turare muke shaƙa a ƙarƙashin ƙasa.

Ka buɗe ƙunshin nan a hankali, askar Kawu Ambrose ce a ciki. Ta suɓuce mini a ɗakin wanka, yatsuna sun ƙage don sanyi, ta faɗi a kan siminti. Ƙotar ta tsage daga ƙusa har rabi, bakin kuma ya ɓalle kusa da tsini, ɗan guntu kamar ƙwayar shinkafa. Na kai wa wani wanzami a nan, ya juya ta ya ce in jefar in sayi reza kamar kowa. Ban mare shi ba, saboda a lokacin yana riƙe da almakashi.

Ka san ba da son raina na aiko maka ba. Kakata da kakarka yaya da ƙanwa ne, Kawu Ambrose ƙaninsu, nisanmu da shi ɗaya. A benci ɗaya muka zauna muna yara muna koyon washi. Amma da ya tashi mutuwa, kai ya bar wa shagon bayan gida, da duwatsun washi, har da ruwan-ƙwan nan, dutse mai laushi na Beljiyam, da ba ya bari mu taɓa, da fatar goge bakin aska. Ni ya bar mini aska ɗaya. Ban ce ya yi kuskure ba. Kai ka zauna a tsibirinmu na Fogo, ni na fita neman abinci. Amma hannuna ya fi naka, kai ka sani, shi ma ya sani. To ga askar ɗaya tilo na karya, kuma babu mai dutsen da zai tashe ta sai kai. Yi dariyarka ka gama, sannan ka gyara.

Akwai abin da ya daɗe yana ba ni dariya a cikin rami. Ka tuna yadda Kawu ke gwada kaifi? Ya riƙe silin gashi a iska, ya sauke shi a kan bakin aska, in ya tsinke da kansa ba tare da an ja ba, to aiki ya yi. Kuma ba ya taɓa gashin kowa sai na matarsa, Inna Phoebe, daga matsefinta. Ya sha gaya mana cewa mai washi da gashin matarsa yake gwaji, duk wanda ya nemi na wata mace kuwa, ba kaifi yake nema ba. To kai tuzuru, mai sanƙo kamar ƙwan agwagwa, da me kake gwadawa? Wutsiyar dokin Penton?

Don Allah ka leƙa mini matata Blanche. Ta rubuto cewa bututun murhu yana mayar da hayaƙi cikin ɗaki. Rabona da gida shekara biyu ke nan, kuma kamfani ya ce in ina so in ƙara biyu, in sa hannu kafin ƙarshen Afrilu. Ita so take in dawo. In dawo in yi me? Kifin ya tafi, jirgina ya ruɓe a bakin gaɓa. Ba zan buga waya ba, ka san layin nan ɗaya ne na kowa da kowa, kana cewa sannu rabin tsibirin sun ɗaga suna saurare.

Naka,
Hedley Durnford

Fogo
Nuwamba, 1979

Ɗan'uwa Hedley, sarkin ƙorafi,

Wasiƙarka ta iso, da askar, da duk baƙar maganar da ka cusa a gefe don kada ta motsa a hanya. Muna lafiya. Ƙafa ta ce a gaishe ka, ta kuma ce hunturun bana ba zai yi wa kowa daɗi ba. Tarin nan ka daina raina shi.

An duba askar. Kai Hedley, faɗuwa ta yi ko guduma ka sa mata? Ƙotar ba ta ɗinkuwa, sai sabuwa. Akwai ƙahon sa a akwatin Kawu, baƙi mai ratsin zuma, za a dafa shi a danne ya miƙe, a fere, a sa sabuwar ƙusa ta tagulla. Bakin kuwa sai an ci ƙarfe har an wuce ɓallin, sannan a sake fitar da kaifi tun daga dutse mai kaushi har a kai ga ruwan-ƙwan da kake mafarki da shi. Akwai tsatsa a gindi, inda yatsa ke zama. Ashe mai hannun da ya fi na kowa bai san ana goge aska ta bushe ba kafin a naɗe? Za a ɗan daɗe, akwai askar wanzaman Gander guda shida a gabanka, da ta wani ɗan Boston mai tara tsofaffin kaya.

An gyara bututun. Blanche ƙalau take, kullum tana shago yanzu, ta fi ni sanin inda komai yake, ranar da ta makara har shagon ba ya yi mini daɗi. Batun gashin gwaji kuwa, kwantar da hankalinka, an bar dokin Penton ya huta. An samu wanda ya fi kowanne kyau a tsibirin nan, kuma ba roƙonsa ake yi ba, da ƙafarsa yake zuwa.

Ka yi haƙuri da rubutun, alƙalamin ne ya lalace.

Ka dawo gida, mutumina. Ko kuwa ka zauna, mu ci gaba da cinye burodin maɗin da ake toyawa da sunanka.

Ɗan'uwanka,
Leander Pardy

Thompson
Janairu, 1980

Leander,

Ina gaisuwa. Ina fata kun yi Kirsimeti lafiya. Ni na yi tawa a ɗakin cin abinci na kamfani, da talo-talo mai kama da katako, da wani ɗan Fotigal da ya yi ta kuka a kan hoton 'ya'yansa. Tarin ya ƙaru, gwiwa tana nan yadda take. Wannan ke nan.

Askar ta iso. Zan fara da abin da ya zama dole in faɗa, don ban taɓa cin haƙƙin aiki ba, ko na wane ne. Ban taɓa riƙe baki irin wannan ba. Ba naka na da ba, ba nawa ba, kai har na Kawu Ambrose ma bai kai shi ba, Allah ya jiƙansa. Ƙotar ta zauna daram, askar tana rufewa a tsakiya ba ta gogar gefe, ba a ganin inda ɓallin yake. Ranar Lahadi da safe na haɗa kumfa, na ɗora ta a kuncin dama, ban ji komai ba sai ɗan sauti kamar ana shafa man shanu a gasasshen burodi. Na tsaya a gaban madubi ina jin haushi kamar in mutu. Na ce ashe tsohon ya san abin da yake yi da ya ba ka duwatsun.

Na gama ɓangaren dama, na miƙa hannu in ɗauki takardar mai da ka naɗo askar a ciki don in goge kumfa. Sai na ga abu a manne a ninkin. Silin gashi ne, dogo, ja, an tsinke shi biyu, tsaf, irin tsinkewar da aska kaɗai ke yi.

Leander, na san gashin nan. Shekara ashirin da wani abu ina tsintarsa a kan matashina, a wuyan rigata, a cikin miya ma. Babu mace mai irinsa daga nan har St. John's.

Na ajiye askar. Ɓangaren hagu ban taɓa shi ba. Haka na shiga rami ran Litinin, rabin fuska sumul, rabi kamar bushiya, mutanen ɗakinmu suna tambaya ko caca na faɗi. Na bar su suna dariya.

Da wani ne ya yi, da na ce bai sani ba. Amma kai kana zaune a bencin nan lokacin da Kawu ke faɗar maganar. Ni da kaina na tuna maka ita a wasiƙata. Kai kuma ka amsa mini da cewa ka samu wanda ya fi kowanne kyau a tsibiri, da ƙafarsa yake zuwa. A lokacin dariya na yi, na ce wawan nan ya samu wata bazawara. Yanzu na sake karanta wasiƙar, na sake, har ta fara yagewa a ninki. Kullum tana shago. In ta makara shagon ba ya yi maka daɗi. In zauna ku ci gaba da cin burodi. Sannan rubutun. Ka ce alƙalami ne. Na san rubutunka tun muna makaranta, a miƙe yake kamar shinge. Wannan kuwa rawa yake yi daga farko har ƙarshe. Alƙalami ba ya rawa, Leander, hannu ne ke rawa, kuma ni ban san abin da ke sa hannun lafiyayyen namiji rawa ba in yana rubuta wa mijin wata, sai abu ɗaya.

Wasiƙun Blanche ma sun gajarce tun bazara. Da takan cika shafi huɗu da labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu. Yanzu rabin shafi, wai ta gaji. Ta ƙarshen har da ɗigon mai a kusurwa, na shinshina, man shagon Kawu ne.

Ban rubuta mata komai a kan wannan ba, kuma ba zan rubuta ba tukuna. Kai nake tambaya, namiji da namiji. Ka gaya mini gaskiya ko da za ta yanke ni. Na fi son yankan aska mai kaifi da na dakusasshiya, ka san wanda ya fi saurin warkewa.

Hedley

Thompson
Maris, 1980

Leander,

Gaisuwa, tunda haka aka koya mana. Ban san ko kana lafiya ba, don ba ka ga dama ka faɗa ba. Ni ina nan. Gemu ya cika fuska, ɓangaren dama ya kamo na hagu, yanzu ba mai dariya.

Wata biyu ina zuwa wurin rabon wasiƙu kamar maraya. Ba taka, ba tata. Mutum in an yi masa ƙazafi, ranar yake amsawa, har da zagi. Shirun nan na karanta shi, ya fi wasiƙarka sauƙin karantawa.

Kuma ba sai ka wahalar da kanka ba yanzu. Ka san Selby Cull, na can ƙarshen gaɓa? An ɗauke shi aiki a nan, ya baro gida tun kafin Kirsimeti, ya tsaya wurin 'yarsa a Toronto, sai makon jiya ya iso. Na same shi a ɗakin cin abinci, ya dube ni ya ce, "Kai, Hedley, kai ne a cikin ciyawar nan? Matarka tana can tana yi wa maza gyaran fuska, kai kana nan kamar tsohon bunsuru!"

Na ce, "Waɗanne maza?"

Ya ce, "Namiji ɗaya dai na gani, kada in yi ƙarya. Na bi ta bayan shagon Leander da safe, na leƙa ta taga, ga shi a kishingiɗe a kujerar Kawu Ambrose, ido a rufe, ita kuma ta ɗaga masa haɓa da yatsa biyu tana bin wuyansa da aska. Da ta gama har ta ɓalla masa maɓallin wuya. Na ce oho, wasu da sa'arsu aka haife su."

Ya faɗa yana dariya, bakinsa cike da dankali. Bai san abin da ya yi ba, Selby bai taɓa sanin abin da yake yi ba. Na gama cin abincina, na wanke kwanona.

Ni ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mini aski ba. Ban taɓa tambaya ba ma, ban san ana tambaya ba.

Na tuna rawar da aka yi a zauren coci shekarar da muka fara fita kamun kifi. Kai ka fara jan ta rawa, ni ina jingine da bango. Ni ta aura, na sani. Amma kullum akwai wani abu a raina da ke cewa kai mai haƙuri ne, kana iya zama a kan dutse ɗaya wuni guda kana bin ƙarfe a hankali har ya ba ka abin da kake so. Ka jira shago, ka samu. To.

Ba zan ɗora maka duka ba, ita ma haka. Mutumin da ya bar mace ita kaɗai da murhu mai hayaƙi da iskar arewa, yana aiko da 'yan layuka yana ƙorafin gwiwa, ba shi da bakin yin ihu da yawa. Kai ne kusa. Kai ka hau rufi. Na san wannan, kuma saninsa bai rage mini komai ba.

Ga askar na mayar maka a cikin ƙunshin nan, da takardarta, da gashin. Yanzu kayan Kawu sun cika a hannunka, ba saura. Zan sa hannu a kan shekara biyun a ƙarshen Afrilu. Gidan nata ne, ka gaya mata ba wanda zai tashe ta. Ni ba zan iya rubuta mata ba, na gwada, takarda uku na yaga.

Ka riƙa goge askar ta bushe. Ka yi gaskiya a kan tsatsar.

Hedley

Fogo
Afrilu, 1980

Hedley, jakin duniya,

Kafin ka fara wani sabon hauka: e, rubutun matarka ne. Ni Leander nake faɗa, ita take rubutawa, kuma ta ce in na yi ashar ba za ta sa ba, don haka ka cike da kanka duk inda ka ga ya dace.

Muna lafiya, in ban da abin da za ka ji. Ƙanƙara ta rufe mashigin teku tun tsakiyar Janairu, jirgin ruwa ya kasa ƙetarowa, buhunan wasiƙu suka taru a can ƙetare, guguwa kuma ta hana na sama sauka sai jefi-jefi. Wasiƙunka biyu da askar rana ɗaya suka iso, kamar mari biyu a kunci ɗaya. Ita ta karanta mini su, don haka duk abin da ka ce ba za ka gaya mata ba, da bakinta ta faɗe shi.

Ka ce alƙalami ba ya rawa, hannu ne. A nan kaɗai ka yi hankali. Hannuna ne, Hedley. Ya fara da ɗan yatsa bara waccan, yanzu duka na dama ne, na hagu ma ya soma. Likita a Gander ya ba shi suna mai tsawo, ya ce ba ya komawa baya. Kofin shayi sai na cika shi rabi. Ranar da na gane aikin ya ƙare mini, askar wani wanzami ce a kan ruwan-ƙwan, na lalata bakin da na kwana biyu ina fitarwa, da motsi ɗaya. Na zauna a ƙasa. A haka Blanche ta same ni, ta kawo mini miyar wake.

Ban gaya wa kowa ba. In wanzamai suka ji, ba mai sake aiko da aska. Kai kuwa, gara in haɗiye dutsen da in rubuta maka cewa hannun da Kawu ya zaɓa ya mutu. Ni na roƙe ta ta yi shiru, har da rantsuwa na sa ta.

Ta ce in nuna mata. Na yi dariya, ta ce ita ba dariya ta zo ji ba. Ta fara da tsofaffin asaken da ba su da masu su, ta yanke yatsu har sun gaji da zubar da jini. Ni ina zaune ina saurare, don har yanzu kunnena yana sanin sautin ƙarfe in ya kwanta daidai a kan dutse. Duk askar da ta fita daga shagon nan tun bazara, aikinta ne. Koma ka karanta wasiƙar tawa da ka kusa cinyewa. An duba, za a dafa, za a fere. Ko sau ɗaya na ce na yi? Ƙarya ce ban so in yi maka ba, gaskiya kuma ban iya ba.

Bakin da ka ce ya fi na Kawu Ambrose, ban taɓa shi ba. Na roƙe ta ta karanta mini wurin sau biyu, ta ƙi, wai sau ɗaya ya ishe ta.

Abin da Selby ya gani kuwa, ya gani. Kana so in sa aska a maƙogwarona da wannan hannun? Na gwada, tabon yana nan. Maɓalli ma ya fi ƙarfina. In ka ga namiji a kishingiɗe ido a rufe ana ɓalla masa riga kamar jariri, ba lallai daɗi yake ji ba.

Rawar coci kuma, wallahi taka mata ƙafa na yi har ta gudu wurinka. Ta ce in ƙara da cewa sau uku.

Na gaji. Ta ce saura nata.

Hedley, ni ce.

Ba zan gaishe ka ba tukuna.

Gashin ba mantuwa ba ne. Ni na sa shi a takardar. Na yi wa Leander alkawari ba zan faɗa ba, amma ban yi alkawarin ba zan nuna ba. Na ce mijina ya zauna a bencin Kawu, ya san maganar gashi, ya san Leander ba zai taɓa yi masa haka ba, zai ga gashina ya ce to wane ne ya rage da zai gwada da shi in ba mai gashin ba? Kawu bai faɗi abin da mace za ta gwada da shi ba, sai na yi amfani da abin da ke kaina. Na yi ta jiran wasiƙar da za ka ce, Blanche, ke ce? Ga abin da na samu.

Ka ce ka gane shi don ja ne. Bari ka ji. Na daɗe a kan matsefi kafin in sami jan guda ɗaya. Sauran duk sun yi fari. Farin ya fi kyau wurin gwaji ma, ya fi tauri, amma na ce in na sa fari ba za ka san na wace ce ba. Abin da shekara biyu ke yi ke nan.

Askar tana nan, ba za ta sake shiga jirgi ba. In kana son ta, ka san inda kujerar take. In shekara biyun ka fi so, sa hannu, amma kada ka ce ni ko Leander muka sa ka.

Blanche

Thompson
Afrilu, 1980

Leander,

Ina gaishe ka, kuma wannan karon da gaske nake tambaya: yaya hannun? Me likitan ya ba ka? Kada ka ce mini da sauƙi in ba da sauƙi ba. Ni tarin yana nan, zan kawo shi gida ya sha iskar teku.

Ban sa hannu ba. Na je ofis, mutumin ya turo mini takarda, ya ce, "Durnford, kai ne ko ɗan'uwanka na daji?" Na ce ni ne, kuma na gama. Zan hau jirgin ƙasa na farko a watan Mayu.

Na yi maka ƙazafi, na yi mata. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Na ga hannunka yana rawa a takarda, na yi tunanin komai ban da ciwo. Ka yafe in za ka iya. Ita kuwa ba a takarda zan nemi gafararta ba.

Amma kada ka ɗauka kishin ya tafi, wuri kawai ya sake. Tun muna yara nake gaya wa kaina ni ne mai hannun a dangin nan, an dai zalunce ni. Ashe mai hannun tana cikin gidana tana soya mini kifi, ina kwana kusa da ita, ban taɓa cewa zo ki riƙe ki ji ba. Kai ka gani. Kai ka zauna kana jin sautin ƙarfenta ranar da ya fara kwanciya daidai, ka ga fuskarta ranar da gashin farko ya tsinke. Kai ka ga kanta yana yin fari. Wannan ba abin da zai mayar mini da shi, kuma zan daɗe ina jin haushinka a kai. Ka saba.

Ka gaya mata ta bar ruwan-ƙwan a kan benci. Ba karɓe mata zan yi ba, na ga aikinta, na san matsayina. Zan fere ƙaho, in cire tsatsa, in yi abin da aka sa ni. So nake dai in taɓa dutsen nan sau ɗaya kafin in mutu.

Gemun ya rufe wuya, ba zan taɓa shi a nan ba. Ka ce mata zan zauna a kujerar, in ɗaga haɓa, in rufe ido. Amma kai ka tsaya kusa, don matar da na yi wa irin wannan magana, in ta ɗora aska a maƙogwarona, ina buƙatar shaida.

Abu na ƙarshe. Daga ranar da na sauka, ni zan riƙa yi maka aski, kowace safiya, har da maɓallin. Hannuna bai kai nata ba, amma ba ya rawa. Ka ji daɗin abin da ya rage maka na wannan watan, tuzurun banza, don matata ta gama taɓa haɓarka.

Ɗan'uwanka,
Hedley